Muryar da Aka Ɗora wa Baba Fasasi

Ina durƙushe ina kama bakin babbar riga da allura, Baba Fasasi yana tsaye a cikinta ya ware hannuwa, sai wani mashin ya tsaya a ƙofar shagona. Mutum biyu ne a kai. Na bayan ya sauko, ya shigo har gaban keken ɗinki kafin ya tuna da sallama.

"Onorabul, kai nake nema tun safe."

"Onorabul yana cikin faifai," in ji Baba Fasasi. "Wannan da kake gani mai gyaran rediyo ne. Maman Rahma, a hankali, ƙafata ce nan ba yadi ba."

Na san mutumin. Labaran ne, ɗan unguwar Ali Kazaure, na hannun daman wani Alhaji da ke neman kansila a zaɓen ƙananan hukumomi da za a yi a ƙarshen watan. Watan Nuwamba ne na 2008. Ya jawo kujerar da masu zuwa awo ke zama, ya zauna ba a ce ya zauna ba.

"Alhaji ya kalli kashi na uku na fim ɗinka. Ya yi dariya har da hawaye. Ya ce a gaishe ka."

"Ina amsawa."

"Ya ce amma dariyar ta karkata gefe ɗaya. Babbar riga, doguwar hula, carbi. Kowa ya san su wa ake nufi. Yana so a kashi na huɗu a juya. A cire wa Onorabul Gwangwani rigar nan a sa masa kwat, a ba shi harshen mutanen can, a fito da shi kafin zaɓe. Duk abin da aikin zai ci, Alhaji ya ɗauka."

Baba Fasasi ya sauke hannuwansa. "Ka gaya wa Alhaji, Gwangwani ba shi da gefe. Duk inda aka sauke tukunya nan ne garinsu. Shi ya sa kowa ke ganin nasa ɗan siyasar a cikinsa."

"Baba, lokacin nan ba na kowa da kowa ba ne."

"To ni shi kaɗai na iya."

Labaran ya dube shi, ya dubi rigar, ya dube ni. Bai yi fushi ba, abin da ya fi damuna ke nan. Ya miƙe ya ce, "Fuskarka ta riga ta fita hannunka, Baba. Tana gidan kowa." Ya hau mashin suka tafi.

Na ci gaba da kafa allura, amma sai da na warware layin sau biyu.

Gidanmu a unguwar Kwararafa ta Jos gidan haya ne, ɗaki takwas, rijiya ɗaya a tsakar gida, shaguna biyu a gaba: nawa na ɗinki da na Baba Fasasi na gyaran rediyo da talabijin. Ni Hussaina da mijina Mahdi, mai sayar da dankalin turawa, shekararmu goma sha huɗu a ciki. Mun tarar da Baba Fasasi, mun tarar da Dantong direban tasi da matarsa Angela. Bango ɗaya ya raba ɗakunansu tun kafin su haifi 'ya'ya. Mahaifin Baba Fasasi daga Ogbomosho ya zo zamanin haƙar kuza, shi kuwa a Jos aka binne cibiyarsa. Matarsa ta rasu shekarun baya, 'yarsa tilo Yemisi tana aure a can garin kakanninta.

Fim a kan aiki ya same shi. Wani mai suna Musaddiq, cikin 'yan fim ɗin da suka dawo Jos lokacin da sana'ar ta yi musu zafi a Kano, ya kawo cajar kyamara gyara. Ya tarar da Baba Fasasi yana amsa wa wani ɗan siyasa da ke jawabi a rediyo, da irin muryarsa sak, yana ƙara masa alkawura. Musaddiq ya manta da cajar. Haka aka samu Onorabul Gwangwani, ni kuma na zama mai ɗinka masa riguna.

Gwangwani kan famfo ɗaya gare shi, a aljihun babbar riga yake yawo da shi. Duk unguwar da ya je sai a kafa guntun bututu a ƙasa, ya ɗaura kan famfon, ya yanke ƙyalle, a tafa. In wata tsohuwa ta murɗa ba ruwa, sai ya ce ruwan ya taso daga Abuja tun jiya, an tsare shi ne a shinge ana duba masa takardu. Daga nan ya kwance famfonsa ya wuce unguwa ta gaba. Huluna biyu yake ajiyewa a mota, ta zuwa masallaci da ta zuwa coci. A kashi na uku ya rikice, ya faɗa harabar coci da carbi yana rangaɗa sallama, ya fito a guje ya je ƙofar masallaci ya ɗaga hannu ya ce haleluya.

Ranar Lahadi bayan la'asar, in akwai wuta, Baba Fasasi yakan fito da talabijin ɗin wani da bai zo karɓa ba, ya ɗora a kan murfin rijiya, ya sa mana faifan Gwangwani. 'Yan coci sun dawo sun ci abinci, mu mun idar da salla. Har maƙwabta suna shigowa da kujerunsu. Angela takan yi dariya tana dukan kafaɗata har in matsa. Dantong ya rantse ɗan majalisarsu ne aka kwaikwayo, Mahdi ya ce ƙarya ne, namu ne, har tafiyar.

Mahdi ne kaɗai mai ƙorafi in an kashe. "Mun yi dariya, to sai me? Gobe famfon unguwa yana nan a bushe, su kuma suna ci."

"Ko kuka ka yi za su ci," Baba Fasasi zai ce. "Amma dubi tsakar gidan nan. Awa biyu ba wanda ya tambayi wani daga ina kakansa ya zo. Kai da Dantong ɓarawo ɗaya kuka zaga. Ni wannan ya ishe ni."

Mun san abin da yake nufi. A rikicin 2001 kwana biyar gidan nan ya yi a kulle, muna cin abin da ke ɗakin kowa, ba mu bari an fitar da mutum ko ɗaya ba. Ba mu cika tayar da maganar ba.

Kwana tara bayan zuwan Labaran, Angela ta shigo shagona da hantsi. Ba ta tsokane ni yadda ta saba ba. Ta ajiye wayar mijinta a kan keke ta danna.

Abin bai kai minti ɗaya ba. Wurin nan ne na kashi na uku, Gwangwani tsaye a ƙofar coci cikin shuɗiyar rigar da na ɗinka, yana nuna ginin da yatsa. Amma an cire maganarsa an ɗora wata. Muryar ta yi kama da tasa, har da 'yar shaƙewar nan. Cewa take, "Waɗannan na ciki kwanakinsu a garin nan ƙidayayyu ne. Mu gama jefa ƙuri'a mu dawo mu share unguwa." An sa wani kiɗa mai nauyi a ƙarƙashi.

"A coci aka tura wa Dantong," in ji Angela. "Daga waya zuwa waya yake tafiya. Kowa yana da shi. Mama na a Vom ya gani a wayan maƙwabci, ya kira ni yana kuka."

"Kin san ba shi ba ne."

"Na sani, Maman Rahma. Amma fuskan shi ne. Rigan ki ne."

Muka kai wa Baba Fasasi. Yana kan wata rediyo, ƙarfen liƙa dalma a hannunsa. Ya gyara tabarau ya kalla sau uku. A na ukun ya ɗora yatsa a kan gilashin wayar.

"Ku dubi bakin. Bai bi maganar ba. A nan cewa nake su taimaka mini da ƙuri'a, ko ta waɗanda ke kwance a maƙabartar baya ce, ba na raina kyauta."

Muka duba. Fuskarsa a wayar ba ta fi ƙwayar goro ba. Ba wanda zai tsaya neman leɓe a ciki.

Ya zare fulogi, ya kulle shago ya tafi neman Musaddiq. Ya tarar da ofishin a rufe, an ce ya tafi Kaduna, wayarsa a kashe. Daga nan ya je wani gidan rediyo ya roƙi minti biyu ya ƙaryata. Suka ce duk abin da ya shafi wannan magana ba sa taɓawa sai bayan zaɓe, maimaita ta ma hura wuta ne. Ƙarshe ya taka har Ali Kazaure wajen Labaran. Sai yamma liƙis ya dawo, ya zauna a kujerar awo ya cire takalmi.

"Me ya ce?" na tambaye shi.

"Ya rantse ba su ba ne. Ya ce amma tunda ta fito, in bar ta ta yi aikinta." Ya daɗe yana murza tafin ƙafarsa. "Ya kawo mini lemo, Maman Rahma. Ya ce yanzu na zama nasu."

Har yau ban san wanda ya yi wannan aiki ba. Mahdi ya ce mutanen Labaran ne, don su zuga samarinsu. Wasu suka ce 'yan ɗaya ɓangaren ne, don su tsorata nasu su fito zaɓe. Abin da na gani shi ne ya yi wa kowa amfani ban da mai fuskar.

Sai gaisuwa ta canza. Da, in ya wuce, tambayarsa ake ko ruwan ya iso daga Abuja. Yanzu samarin da ke zama a rumfar cajin waya a tsallaken titi hannu suke ɗaga masa a dunƙule. "Onorabul, ka faɗi abin da ke ranmu." Masu kawo masa gyara daga unguwannin Kiristoci na wajen Tina Junction suka ɗauke ƙafa. Wani mutum ya zo karɓar talabijin ɗinsa, ya tarar da ita a buɗe ba a gama ba, ya tura wayoyin ciki ya ɗauka haka nan ya fita.

Ni ma tsoro ya kama ni. Shuɗiyar rigar tana rataye a shagona, duk mai wucewa yana ganinta. Na sauko da ita na cusa a ƙasan buhun ƙyallaye. Da ya shigo ya dubi ƙusar da babu komai, ya dube ni, ya tambaye ni ko ina da zare baƙi zai ɗinke aljihu. Na ba shi. Kunya ta hana ni haɗa ido da shi.

Wata safiya ina wanki na ji su a bakin rijiya. Dantong yana jan ruwa, Baba Fasasi ya tsaya da bokitinsa.

"Kwana uku ba ka leƙo shago ba."

"Aiki."

"Dantong."

Dantong ya ajiye guga. "Fasasi, shekara ashirin da shida ina jin muryan ka ta bango. Ko minshari ka yi na san kai ne. Ba kai ba ne a wayan nan. Na faɗa a tasha, na faɗa a coci. Sun ce an saye ni." Ya rage murya. "Ƙane na ya ce in gaya maka kar ka bi ta Tina Junction. Akwai waɗanda sun rubuta sunan ka."

"Wanne? Fasasi ko Gwangwani?"

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma ba wasa nake ba."

"Angela zai tafi Vom da yara ranan Asabar, sai an gama zaɓe. Kai ma ka je wajen Yemisi."

Yemisi kanta ta kira ba adadi. Wata rana a wayata ta same shi, don ya daina ɗauka a tasa. Ina jin muryarta tana roƙo da Yarbanci, shi yana amsawa da Hausa. "In tafi a ce me? A ce na faɗa na gudu? Ke dai ki yi mini addu'a." Da ya miƙo mini wayar na ga yana matsa ƙeyarsa da hannu. Na tambaye shi maganin hawan jininsa, ya ce yana sha. Na matsa masa muka je kemis aka auna. Mai kemis ya sake aunawa, ya ce a wuce asibiti yau ɗin nan. Baba Fasasi ya ce bayan zaɓe.

Ranar Lahadi, saura kwana huɗu zaɓe, ya bi gida gida da kansa yana cewa a zo a kalli ainihin faifan, a ji abin da ya faɗa a ƙofar cocin nan. Ya fito da talabijin, ya jera benci uku, ya aro janareto ko da za a ɗauke wuta. Angela ta riga ta tafi. Ɗakuna biyu na can ƙurya su ma an maƙala musu kwaɗo. Mu bakwai ne muka zauna, bencin baya ba kowa. Dantong ya fito ya jingina da ƙofar ɗakinsa, bai zauna ba.

Aka zo wurin. Gwangwani ya nuna coci ya nemi ƙuri'ar matattu. Ya faɗa ciki da sallama, ya fito a guje, hula ta faɗi. A nan ne Angela ke zamewa daga benci. Ba wanda ya motsa. Ni kaina da na ga yatsan nan ya ɗaga, ɗaya muryar ce ta zo mini a kunne. Haleluyar ƙofar masallaci ta wuce, ba ka jin komai sai ƙarar janareto.

Baba Fasasi yana tsaye a gefe da rimot a hannu, fuskokinmu yake kallo ba talabijin ba. Ya bari faifan ya kai ƙarshe, ya kashe, ya ce, "Na gode da kuka zo." Mahdi ya taya shi mayar da kaya. Da ya dawo ɗaki ya zauna bakin gado ya ce mini, "Da na yi masa dariyar, ko ta ƙarya ce."

Laraba gari ya tashi da sayayya. Kowa na jidar shinkafa da kananzir kamar jajiberin salla, amma ba mai fara'a. Motocin 'yan sanda na wucewa a hankali. Mata biyu suka zo suka karɓi ɗinkinsu ko hannu ban haɗa ba. Wajen ƙarfe huɗu samari suka cika rumfar cajin waya, sun fi talatin, yawancinsu ban san su ba. Labaran yana zaune a kan mashin. Wani ya jona waya da sifika, muryar nan ta cika titi, tana ƙarewa a sake sa ta.

Ina kallo daga shago Baba Fasasi ya fito cikin tsohuwar rigar aikinsa mai ƙunar dalma a gaba. Ya ɗauki bencin ƙofar shagonsa ya tsallaka titi da shi. Na kira shi, bai juyo ba. Ya ajiye bencin a gabansu ya hau.

"Ku kashe abin nan, ina da magana."

Suka kashe suna tafi. "Onorabul zai yi jawabi."

"Sunana Fasasi. Da yawanku ni nake gyara rediyon iyayenku. Muryar nan ba tawa ba ce. Ban taɓa cewa a taɓa kowa ba."

Aka kwashe da dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, abin da har yau ke ci mini rai ke nan. Sun saba, duk lokacin da mutumin nan ya hau wani abu ya ce bai yi ba, to ya yi. Haka Gwangwani ke musun komai.

"Ba wasa nake ba. Mutanen da ake cewa a share, da su na tashi. Makaranta ɗaya muka yi, rijiya ɗaya muke..."

"Ruwan fa, Onorabul? Ya iso?"

Ya ɗaga hannu a yi shiru. Hannun ya tsaya a rabi, ya sauko da kansa. Ya sake buɗe baki, maganar ta fito a cakuɗe, gefen bakinsa na dama ya zame ƙasa. Suka ƙara dariya, wani har yana kwaikwayonsa. Ni da na shekara goma sha huɗu ina ganin fuskar nan, na san ba ta cikin wasanninsa. Na fita ko mayafi ban ɗauka ba. Kafin in tsallaka ya sulale daga kan bencin, kansa ya bugi bakin kwata.

Dariyar ba ta yanke lokaci ɗaya ba. Na baya sun ci gaba da ita har sai da suka ga jini.

Ina tallafe da kansa ina ƙwala wa Mahdi kira, sai na ji taron ya yi tsit. Dantong ne ya fito daga gida. Ya ratso tsakiyarsu shi kaɗai, ba ya kallon kowa, makullin mota a hannu. Na ga wasu sun juya sun dubi Labaran. Labaran ƙasa yake kallo. Dantong ya durƙusa ya sa hannu a ƙarƙashin hammatar Baba Fasasi.

"Ku kama ƙafa," ya ce.

An ɗan jima ba wanda ya matso. Sai ga Mahdi a guje, sai biyu daga cikin samarin suka sunkuya suka kama.

A asibiti aka ce jijiya ce ta fashe a kai. Aka ba shi gado kusa da taga. Idonsa a buɗe, yana bin mutum da kallo, amma magana ta tafi. Na kira Yemisi. Ta ce za ta hau motar farko, na ce gobe ba shiga gari sai an gama zaɓe, ta ce za ta taho ta jira a hanya. Na kara masa wayar a kunne ta yi ta magana, hawaye na gangarowa gefen fuskarsa. Mahdi ya kwana a wajensa.

Alhamis da safe na dama kunu na kai, duk da na san ba zai sha ba. An hana zirga-zirgar motoci, da ƙafa na je. Duk makarantar da na wuce dogon layi ne, mutane tsaye cikin rigunan sanyi, ba mai hira. Na tarar da Dantong zaune a bakin gadon. Ashe tun asuba ya zo, bai je jefa ƙuri'a ba. Labari yake ba shi a hankali, labarin kashi na huɗu da Baba Fasasi ya taɓa gaya masa: Gwangwani zai faɗi zaɓe, ya garzaya kotu yana ƙarar matattun da ya yi wa rajista, wai sun ci amanarsa sun zaɓi abokin hamayya, a tono su su zo su yi bayani. Dantong yana ƙoƙarin yin muryar, bai iya ba ko kaɗan. Gefen bakin Baba Fasasi na hagu ya ɗan motsa. Ban sani ba ko murmushi ne.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya numfashinsa ya canza. Mahdi ya matso yana karanta masa kalmar shahada a kunne. Dantong ya yunƙura zai ba da wuri, sai ya ga hannun hagun yana riƙe da bakin rigarsa. Ya koma ya zauna. A haka ya cika. Mahdi ya yi salati, ya shafe masa ido.

Ba motar da ke yawo ran nan. Dantong ya ce shi zai kai shi gida. Aka naɗe shi a zanin gado, aka kwantar a kujerar baya, kansa a cinyar Mahdi, ni a gaba. Shinge uku muka wuce, a kowanne sai an leƙa. A na ƙarshe ɗan sandan ya ɗaga zanin ya daɗe yana kallo.

"Ba wannan ba ne mai famfo a aljihu?"

Na ce shi ne.

Ya mayar da zanin a hankali. "Ya sa ni dariya sosai. Allah ya ji ƙan shi. Ku wuce, kar ku daɗe a waje."

A ɗakinsa aka yi masa wanka, ni na ɗinka likkafanin. Bayan la'asar aka sallace shi a ƙofar gida. Mutumin da bara in ya shiga kasuwa sai hanya ta toshe, sahu biyu ya samu, na biyun ma bai cika ba. Kowa yana wajen ƙirga ƙuri'a ko ya kulle ƙofarsa. Labaran bai zo ba, rumfar caji a rufe. Yemisi tana Akwanga a kan hanyar Jos, motarsu ta tsaya a tasha, na riƙe mata waya ta taga tana jin kabbarar liman. Mahdi ya ce Dantong ya bi su har maƙabarta, ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu har aka gama.

Da suka dawo rana ta yi sanyi. Rediyo na cewa ana tattara sakamako, jama'a su kwantar da hankali. Titinmu, wanda a irin wannan lokaci ba ka jin maganar na kusa da kai saboda 'yan acaɓa, ko akuya babu. Rikicin da ya ɓarke a garin washegari ba shi nake ba da labari ba. A yammacin nan ba mu san komai ba tukuna, jikinmu ne kawai ya ba mu.

Dantong ya ce gobe da sassafe zai bi iyalinsa Vom. Mahdi ya ce, "Ka tafi yanzu, tun da sauran haske."

Dantong ya dube shi, bai yi gardama ba. Amma sai da ya jawo ruwa bokiti biyu, ya buɗe ƙofofin motar duka huɗu, ya wanke kujerar baya da soso da sabulu, inda jinin jiya ya bushe. Bai yi sauri ba. Ya shiga ɗaki ya fito da jaka ɗaya, ya kulle, ya miƙo mini makullin.

"Maman Rahma, in Yemisi ya zo ki ce ina gaishe shi. Ki ce zan dawo sadakan uku."

"Allah ya kiyaye hanya."

"Amin."

Ya tayar da mota ya gangara a hankali har ya sha kwana. Na tsaya a ƙofar gida da makullin a hannu. Ruwan sabulun da ya bari yana bin gefen titi, ya taru a wani ɗan rami, kumfar na fashewa ɗaya bayan ɗaya har aka kira magariba.